Atom Amp 2 ta JDS Labs: wa ya kamata ya sauya amfilifayar hedifonsa, wa ya kamata ya riƙe kuɗinsa

Kamfanin JDS Labs da ke garin Collinsville a jihar Illinois ta Amurka ya fitar da Atom Amp ta farko a ƙarshen 2018, a kan dala 99. 'Yar akwati ce ta roba mai aiki guda ɗaya tak: ta karɓi sauti daga kwamfuta ko daga DAC, wato na'urar da ke mai da lambobin fayil su zama sauti, ta ƙara masa ƙarfi, ta tura wa hedifon. A ƙarshen 2023 sai ga Atom Amp 2 a kan dala 129, da jikin alminiyam, da ramin fulogi biyu a gaba, da kuma lambar da ta fi ɗaukar ido: wat 2.65, inda tsohuwar ke ba da wat 1. Mai tsohuwar da ya ga wannan dole ransa ya biya. Ninki biyu da rabi har da ɗoriya, a kan ƙarin dala 30 kacal.

Na'ura ce mai kyau, ba musu. Amma kyan na'ura daban, buƙatarka gare ta daban. Yawancin masu tsohuwar Atom, ko wata amfilifayar tebur mai irin ƙarfinta, idan suka sauya ba abin da zai canja a kunnensu, kuma ana iya gane hakan da biro da takarda tun kafin a tura ko sisi.

Abu biyu amfilifaya ke bayarwa: matsin lantarki, wanda ake aunawa da volt, da kwararar lantarki, wadda ake aunawa da miliamfiya, mA a taƙaice. Ɗauki tankin ruwa a saman gida. Tsayin da aka ɗora tankin shi ne volt, faɗin bututun da ke sauko da ruwan shi ne kwarara. Shi kuwa hedifon yana da turjiya, ana rubuta ta da ohm a jikin kwalinsa. Mai turjiya babba, irin ohm 250 ko 300, kamar famfo ne mai ƙanƙanen baki, matsi yake so, ruwa kaɗan yake sha. Mai turjiya ƙarama, ohm 25 ko 32, bakinsa a wage yake, matsi kaɗan ya ishe shi amma yana zuƙar ruwa. Shi ya sa duk lambar wat da aka rubuta ba a faɗi a kan ohm nawa aka auna ta ba, rabin magana ce.

Wat 1 ɗin tsohuwar Atom a kan ohm 32 aka auna shi, wato volt 5.66. Ɗora mata hedifon mai ohm 150 ko 600, sai ta kai wajen volt 8.7. Me ya hana ta kai 8.7 ɗin a kan ohm 32? Kwarara. A bakin fitarta akwai wani ɗan IC mai suna LME49600, wanda aka ƙera don ya ba da mA 250 a ƙololuwa. Mai da wannan zuwa aunin RMS, wato matsakaicin ƙarfi maimakon ƙololuwa, wanda ake amfani da shi wajen sauti, ya zama kimanin mA 177. Ninka da ohm 32, volt 5.66 ne ya fito, wat 1 cif. Bututun ne ya cika, ba tankin ne ya yi ƙasa ba. Abin da Atom Amp 2 ta yi shi ne faɗaɗa bututun, domin wat 2.65 a kan ohm 32 daidai yake da volt 9.2 da kimanin mA 290. Tankin kuwa ɗan ɗaga shi kawai aka yi.

Daga nan akwai wata lamba da ba a rubuta ta a talla ba, kuma ita ce ta fi kowacce amfani. Raba volt 8.7 da mA 177, za ka samu kimanin ohm 49. Wannan ce iyaka. Duk hedifon da turjiyarsa ta haura ohm 50, tsohuwar Atom tana ba shi dukan volt ɗinta ba tare da bututun ya cika ba, don haka faɗaɗa bututun bai ƙara masa komai ba. Amfanin sabuwar yana ƙasa da wannan layi ne kawai.

Kuma kunne ba ya ƙirga wat, desibel yake ji, wato ma'aunin ƙarar sauti. Ninka wat sau biyu, desibel 3 ka ƙara. Sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma, kafin yawancin mutane su ce ƙarar ta ninka. Daga wat 1 zuwa 2.65 desibel 4.2 ne. Ana jin sa, amma sai a kan ohm 32 ko ƙasa, kuma sai in da ma kana ƙure tsohuwar. A kan ohm 300 bambancin 8.7 da 9.2 da 'yan kai bai kai desibel 1 ba. Mai Sennheiser HD 600 ko HD 650 ko HD 6XX da ya sayi Atom 2 saboda wat 2.65, ya sayi ruwan da famfonsa ba shi da bakin sha.

Lissafin buƙata ba shi da wuya. Lambobi biyu za ka nemo a takardar hedifonka: turjiya, da yawan ƙarar da yake bayarwa idan aka ba shi volt 1 ko miliwat 1. HD 650, wanda ya fito a 2003, ohm 300 ne, kuma Sennheiser ya rubuta masa desibel 103 a volt 1. A ce kana so bugun ganga mafi ƙarfi a cikin waƙa ya iya kai desibel 110 ba tare da ya fashe ba. Saura 7 ke nan. Duk ninkin volt sau biyu yana ƙara desibel 6, to volt 2 ya kai ka 109, volt 2.24 ya cika 110. Wannan miliwat 17 ne, mA 7.5. Tsohuwar Atom da volt 8.7 tana iya kai wannan hedifon kusa da desibel 122, ƙarar da ba mai hankalin da zai bari ta zauna a kunnensa.

Shi ma 110 ɗin ba matakin saurare ba ne, rara ce. Mutum yakan saurara a matsakaicin 75 zuwa 85, amma rikodin da ba a matse shi ba, irin na jaz ko na babbar ƙungiyar makaɗa, ƙololuwarsa kan haura matsakaicinsa da desibel 15 zuwa 20, wani lokaci fiye. Waƙoƙin zamani da aka matse a situdiyo don su yi ƙara a lasifikar waya, ratarsu ba ta kai haka ba sam, mai jin su bai ma buƙatar 110. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 100 minti 15. Wanda amfilifaya mai volt 8 ta daina isarsa a kan HD 650, ba kanti ya kamata ya nufa ba, wajen likitan kunne ne.

Akwai tarko a lambobin nan da ke kama mutane da yawa. Wasu kamfanoni a kan volt 1 suke rubuta ƙarar, wasu a kan miliwat 1, kuma ba abu ɗaya ba ne. Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda ya cika situdiyoyi, an rubuta masa desibel 96 a miliwat 1. A samfurin ohm 250, miliwat 1 rabin volt ne, don haka a volt 1 yana ba da 102. A samfurin ohm 80 kuwa 107 yake bayarwa. Suna ɗaya, lambar 96 ɗaya, amma desibel 5 ne a tsakaninsu idan aka soka su a rami ɗaya. Wanda ya ɗauki 96 ya jera da 103 ɗin HD 650 zai zaci DT 770 ya fi wuyar turawa nesa ba kusa ba, alhali mai ohm 250 ɗin kusan kai ɗaya suke da HD 650, mai 80 ɗin ma ya fi sauƙi.

Inda ake sa ran Atom 2 za ta ci kuɗinta shi ne hedifon irin na falana, waɗanda a maimakon naɗin waya a bayan mazugi suke da siririyar fata shimfiɗe tsakanin layukan maganaɗisu. Turjiyarsu ƙarama ce, kuma wasunsu ba sa ba da ƙara da arha. Amma ko a cikinsu sai an tantance. HiFiMan HE400se, ohm 25 da desibel 91 a miliwat 1, yana buƙatar kimanin miliwat 80 don kai 110, wato volt 1.4 da mA 56. Tsohuwar Atom ba za ta ko ji a jikinta ba. Ƙara masa bes na desibel 6 da ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage wani sashe na sauti, abin da ke ninka volt sau biyu, wat sau huɗu, har yanzu mA 112 ne, tana da saura. HE-6 na asali, wanda ya yi suna wajen wahalar da amfilifaya, ohm 50 ne da desibel 83.5. Yana neman kusan miliwat 450 don 110, volt 4.7. Ƙara masa wancan bes ɗin, ya koma volt 9.4. Nan tsohuwar ta gaza, amma sabuwar ma bakin iyakarta ke nan, domin a kan ohm 50 matsi ne ya ƙare, ba kwarara ba. Mai HE-6 da tsohuwar Atom ta yi masa kaɗan, Atom 2 ba maganinsa ba ce. Amfilifaya mai volt sama da haka sosai yake nema, wani aji ne daban da wani farashi daban.

To wa ya rage? Ɗauki hedifon mai ohm 25 da desibel 86 a miliwat 1, akwai masu lambobi kusa da haka a cikin manyan falana. 110 yana cin miliwat 250, mA 100. Da ƙarin bes na desibel 6 ya zama wat 1, mA 200. Tsohuwar ta tsaya a 177, sai ƙasan sautin ya fara karcewa duk lokacin da babbar ganga ta sauka. Sabuwar da mA 290 ta wuce da shi lafiya. Wannan shi ne mutumin da aka yi Atom 2 dominsa: turjiya ƙasa da ohm 50, hedifon mai rowar ƙara, ikwalaiza mai nauyi, da son saurare da ƙarfi. Sai huɗun sun haɗu, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba.

Labarin ya sha bamban ga wanda ba shi da amfilifayar tebur kwata-kwata, yana sokawa a laftof ko a ɗan adaftan waya. Ɗan adaftan Apple na USB-C, mai dala 9, sautinsa tsaf yake, amma volt 1 ne iyakarsa, kuma samfurin da ake sayarwa a Turai rabin volt ne saboda dokokin kare ji na can. A ido ba ka bambanta su, kuma kayan da ke shigowa kasuwa a gauraye suke zuwa. Da na volt 1, HD 650 ya tsaya a 103. Da na Turai, 97. Sa ikwalaiza, wanda dole ka rage masa matakin shiga da desibel 5 ko 6 don kada ya fashe, ka koma 91. Ga kuma wayoyin Android da dama da ba sa buɗe wa adaftan dukan ƙarfinsa. Wannan mutum in ya sayi Atom, tsohuwa ko sabuwa, daga bugun farko zai ji bambanci, kuma ba zato ba ne. Amma mai Audio-Technica ATH-M50x, ohm 38 da desibel 99 a miliwat 1, wanda ke ba da wajen 113 a volt 1, shi ɗan adaftan ma ya ishe shi.

A kula da abu ɗaya: Atom ba ta da USB, ba ta da DAC a ciki. Ramukan RCA ne da na milimita 3.5 a bayanta, abin da aka ba ta shi take ninkawa. Tsohuwar tana da matakin ninki biyu, 1 da 4.5. Ba ta volt 2 daga DAC na tebur, ta fitar da dukan ƙarfinta. Ba ta volt 1 daga adaftan waya, 4.5 ne iyaka. Ba ta rabin volt, 2.25. Akwai masu kukan amfilifayarsu ba ta da ƙarfi alhali abin da ke ciyar da ita ne ke yi mata ƙwauro, ko kuma an rage murya a cikin Windows an manta. An bar jaki ana dukan taiki. Sabuwar amfilifaya a kan wannan tsari za ta gaji matsalar yadda take.

Dalili na biyu mai ƙarfi na sauya amfilifaya ba shi da alaƙa da ƙara. Ita ma amfilifayar tana da tata turjiyar a bakin fita, kuma ita da ta hedifon raba volt suke yi a tsakaninsu. Da turjiyar hedifon a tsaye take da ba damuwa, sai dai a rasa ɗan ƙarfi. Amma ba a tsaye take ba. Ta HD 650 tana tashi daga 300 zuwa kusan 500 a wajen Hz 100. A kan ramin da ke da ohm 120, irin na wasu tsofaffin manyan rediyoyi da amfilifayar lasifika, wannan yana ƙara bes da wajen desibel 1. A kan 'yan cikin kunne masu direba da yawa, wato 'yan ƙananan lasifikokin da ke cikinsu, abin ya fi muni: idan turjiyarsu tana yawo tsakanin ohm 8 da 30, rami mai ohm 10 kacal zai karkatar da sautin da desibel 4.5, kamar an sa musu ikwalaizan da ba ka zaɓa ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce turjiyar fita kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon, wato ohm 4 ga mai ohm 32. Ramin hedifon na wasu kwamfutocin tebur da wasu sawun kad na situdiyo ya wuce haka da nisa. Duk Atom biyun ƙasa da ohm 1 suke, don haka daga irin wancan rami zuwa Atom gyara ne na gaske, daga Atom zuwa Atom 2 kuwa babu abin gyarawa. Falana su turjiyarsu a miƙe take, wannan bai dame su ba.

Sauran koke-koken da ke sa mutum tunanin sauyi, kowanne da asalinsa. Idan a ƙasan murya kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara, laifin abin murɗawa ne: layuka biyu ne na gawayi a cikinsa, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kuma a farkon zagayen ba sa daidaita. Duk amfilifaya mai irin wannan abin murɗawa tana da ɗan wannan hali, har Atom 2. Maganin kyauta ne: koma ƙaramin ninki, ka ɗan rage murya a kwamfuta, yadda abin murɗawar zai zauna tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na fuskar agogo. Idan shuuu kake ji a 'yan cikin kunne, duba ko kana kan babban ninki. Idan gunji ne mai kauri da ba ya sauyawa, na Hz 50 ɗin wutar gida, ko wani tsiii da ke tashi duk lokacin da ka motsa linzamin kwamfuta ko katin hoto ya ɗau aiki, wannan ta wayar USB ko ta layin ƙasa yake shigowa. Gwajinsa minti ɗaya ne: zare wayoyin RCA daga bayan amfilifaya. In ƙarar ta ɗauke, amfilifayar ba ta da laifi. Gwada laftof a kan batir ba caja, ko ka haɗa DAC da wayar haske ta TOSLINK, wadda ba ta ɗaukar lantarki. Alamar da ke nuna ƙarfi ne ya ƙare da gaske guda ce: kana kan babban ninki, shigar ta cika volt 2, kuma ko dai abin murɗawa ya kai ƙarshe ba ka ƙoshi ba, ko bes yana karcewa a wuraren da suka fi ƙarfi amma ya warke da zarar ka ɗan rage.

Ta fuskar jiki kuwa, a nan Atom 2 ta yi wa yayarta fintinkau, kuma ba laifi ba ne mutum ya saya don wannan kaɗai, in dai ya san abin da yake saye. Tsohuwar ba ta da nauyi, wayar RCA mai kauri tana iya ɗaga gabanta, kuma sai ka dafe ta da hannu ɗaya kafin ka zare fulogi. Sabuwar ta fi zama daram a tebur. Ramin milimita 4.4 da aka ƙara kusa da na 6.35 sauƙi ne ga mai irin wannan waya, amma kada ya ruɗe ka. A wasu na'urori wannan rami yana nufin amfilifaya biyu ke tura kowane kunne, ƙarfin ya ninka. A Atom 2 ba haka ba ne, abin da ke fita ta 6.35 shi ke fita ta 4.4. Sayen sabuwar waya don a shiga wannan rami asarar kuɗi ce.

Wanda ya samu aron wata amfilifaya yana so ya gwada da tasa, sauraren wannan sannan waccan ba gwaji ba ne. Wadda ta ɗan fi ƙara, ko da rabin desibel ne, kullum ita ke yin kamar ta fi faɗi da tsabta. Sai an daidaita. Ka samo maltimita ka sa ta a ma'aunin AC, da ɗan fulogi mai raba hanya biyu yadda hedifon zai kasance a soke kana aunawa ta ɗaya reshen, tsakanin kan fulogi da gindinsa. Kunna sautin gwaji na Hz 400, domin mitoci masu arha ba su da tabbas a sama da haka sosai, kuma ka cire hedifon daga kai tukuna. Murɗa amfilifaya ta farko har mita ta nuna, misali, volt 0.300. Murɗa ta biyu har ta zo tsakanin 0.297 da 0.303, kashi 1 cikin 100 shi ne kimanin desibel 0.1. Manna salatif a kan abin murɗawar kowacce. Sannan wani ya tsaya a bayanka yana sauya fulogi bisa jefa kwabo, yana rubutawa, kai kana faɗin wacce ce, sau 10. Cin 9 cikin 10 da sa'a kawai yana faruwa kamar sau 1 cikin 100. Cin 6 ko 7 ba ya nuna komai. Amfilifaya biyu masu tsabta, masu ƙaramar turjiyar fita, waɗanda ba a ƙure su ba, da wuya su ba ka 9.

Idan abin da ke damunka launin sautin ne, kana jin ya yi duhu ko ya yi kaifi, dala 129 tana da wuraren da za ta fi aiki. Soson kunne da ya kwanta yana kusantar da direba ga kunne ya canja sautin da desibel da yawa, fiye da duk abin da ke tsakanin amfilifaya biyu masu tsabta. Na HD 650 da ya shekara biyu ana sawa kullum ba sautin sabo yake bayarwa ba. Manhajojin ikwalaiza irin Equalizer APO a Windows da Wavelet a Android ba sa cin ko kwabo a matakin farko, kuma akwai AutoEq, tarin shiryayyen saitin ikwalaiza na dubban hedifon. Mai son amfilifayar da za ta canja sauti da gangan, sai ya dubi masu kwalbar lantarki irin ta rediyon da, kamar Bottlehead Crack, wadda ake saye a warwatse a haɗa da kai. Turjiyar fitarta wajen ohm 120 ce, shi ya sa take yi wa HD 650 kauri, kuma shi ya sa ba ta dace da mai ohm 32 ba. Abokan gasar Atom 2 a ajinta, Schiit Magni da Topping L30 II, su ma tsabtatattu ne masu isasshen ƙarfi, kuma tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya a cikin ukun nan canjin akwati ne kawai.

In lissafinka ya nuna kana buƙatar Atom 2, to kafin ka biya ka dubi adaftan wuta, domin a nan ake yin asarar da ba gaira ba dalili. Atom ba irin cajar laftof take amfani da ita ba, wadda ke karɓar volt 100 zuwa 240. Taransifoma ce zalla mai fitar da volt 16 na AC, kuma an naɗa ta don wutar ƙasa guda. Ta Amurka ta volt 120 ce. Soka ta a soket ɗin Kano ko Maraɗi, inda wuta take 220 zuwa 230, ƙonewa za ta yi, ƙila ta tafi da amfilifayar. Kan fulogi mai sauya siffa ba ya sauya volt. Kamfanin yana sayar da adafta ta kowane yanki, mai ƙafa uku irin ta Ingila ita ce ta soket ɗin Nijeriya, mai ƙafa biyu zagayayyu irin ta Turai ta Nijar. Wanda wani zai riƙo masa daga Amurka ya tabbatar an zaɓi ta 230 tun wajen oda. Kuma in adaftan ta mutu, kada a maye ta da ta DC mai volt 16 don kanta ya shiga ramin: na'urar daga AC ɗin take haɗa layin lantarki biyu, na sama da na ƙasa da sifili, DC kuwa ɗaya kawai zai ba ta.

Taransifoma bin wutar da aka ba ta take yi. Idan wuta ta yi ƙasa zuwa 180, volt 16 ɗin ya koma wajen 12.5, masu daidaita wuta na cikin amfilifayar su rasa rarar da suke aiki da ita, ƙarfi ya ragu, gunji ya iya kutsowa. Ƙaramin sitabilaiza yana maganin wannan. Inbata mai arha wadda wutarta ba ta da lanƙwasa mai santsi tana sa taransifomar kuka da zafi, har kukan ya shiga sauti. A gidan da irin wannan inbata ce ke riƙe da dare, amfilifaya mai cin wuta ta USB ko mai batir ta fi dacewa da Atom kowace iri, ko da ƙarfinta bai kai ba. Mai sayen ta hannu kuma ya tambayi rukuni in Topping L30 ta farko ce: rukunan farko na 2020 sun samu matsalar tartsatsin lantarkin jiki da ke iya lalata na'urar har ta illata hedifon, kamfanin ya amsa ya gyara a na baya. A busasshiyar iskar hunturu irin wannan tartsatsi ya fi yawa, musamman a kan kafet da rigar sanyi ta roba, don haka ko wace amfilifaya ce a teburinka, taɓa ƙarfen ƙofa ko jikin kwamfuta kafin ka kai hannu ga abin murɗawa.